Canjin man giya: kurakuran da ke kashe giyabos ɗin mota

Yawancin masu mota ba sa wasa da juyen baƙin mai, amma man giya sai ranar da mota ta fara fizga a hanya ake tunawa da shi. A lokacin ne mutum zai shiga gareji ya ce, "Oga, a zuba mata jan mai." Daga wannan maganar ɓarnar take farawa.

Ja launi ne kawai da kamfani ke sa wa man don a bambance shi da na inji. Kowace giya da irin man da aka ƙera ta a kansa. Tsofaffin Toyota masu otomatik suna shan T-IV, na baya-bayan nan kuma WS. Honda ta daɗe tana amfani da Z1 kafin ta maye gurbinsa da DW-1. Inda abin ya fi muni shi ne giyar CVT, wadda ke aiki da bel na ƙarfe tsakanin fuli biyu. Corolla ta Amurka daga 2014 yawanci irin wannan giyar ce a jikinta, haka motocin Nissan da dama, masu shan NS-2 ko NS-3. Ka zuba wa CVT man otomatik na gama-gari, bel ɗin ya rinƙa zamewa yana cin fulin, kuma ba a ranar za ka gane ba. Sai bayan watanni, lokacin da ka manta ma wa ya yi aikin. Kauce wa kuskuren nan ba ya cin ko kwabo: duba littafin motar, ko kan sandar auna man, domin sau da yawa an rubuta sunan man a jiki. Idan an riga an zuba wanda bai dace ba, a juye shi tun motar ba ta yi nisa ba.

Sayen man ma da hannunka ya fi. Jabu ya yi yawa, kuma galan ɗinsa kan yi kama da na gaske. Ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano ko Panteka a Kaduna, nemi shagon da ka yarda da shi, ka duba murfin a like yake, sannan ka tsaya a buɗe shi a gabanka.

Sai maganar wankin giya da na'ura, wato a tura sabon mai ya koro tsohon duka. Juye na yau da kullum ba ya fitar da man gaba ɗaya. A Accord, alal misali, abin da ke zubowa bai cika wuce lita 3 ba, sauran yana maƙale a cikin konbata, wato tulun da ke haɗa inji da giya, da kuma bututan sanyaya mai. Wannan ne ke sa wasu su ga kamar aikin bai cika ba. Amma motar Kwatano da ba ka san tarihinta ba, man ya yi baƙi yana ƙauri, ni dai ba zan yarda a yi mata wankin ƙarfi ba. Dattin da ya kwanta zai iya tashi ya toshe ƙananan hanyoyin mai. A juye, a cika, ka yi 'yan kwanaki kana hawa, a sake, har sau uku. Kuma gaskiya ɗaya ce: idan giya ta riga ta fara suɓucewa, faifan kulocin da ke ciki sun cinye, sabon mai ba zai dawo da su ba.

Awon man shi ne wurin da masu yi da kansu suka fi faɗuwa. Toyota mai sanda ana auna ta inji na aiki, giya na kan P, motar ta ɗau zafi, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Honda kuwa kashe injin ake yi a auna nan take. Ka yi wa ɗaya awon ɗayar, sandar ta yi maka ƙarya. Mai in ya yi yawa kumfa yake yi, in ya yi kaɗan giya ta yi zafi, duka biyun illa ne. Wasu motocin ma ba su da sandar sam, kamar Camry mai giya shida. Ana daidaita man ta wani noti a ƙasa, lokacin da zafinsa ya kai kusan digiri 40, kuma da kwamfuta ake karanta zafin. A nan ne kuɗin da za ka ba dila, ko makaniken da ke da na'urar, yake da amfani. Kada ka ji kunyar tambaya: "Malam, da me za ka auna zafin man?" In ya ce hannunsa ya saba, ɗauki motarka.

Giyar manuwal da aksil ɗin baya kuwa aiki ne da mai sifana da haƙuri zai iya a ƙofar gidansa. Sharaɗi guda: fara kwance notin da ake zuba mai kafin na juyewa. Mutum zai zubar da man tas, sannan ya tarar notin sama ya kafe, ga mota ba halin motsawa. A sa sabuwar wosha, kada a ɗaure da ƙarfin tsiya domin jikin alminiyo ne zare na saurin lalacewa, kuma kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Idan littafi ya ce a sa mai mai lamba GL-4, kada a sa GL-5 wai don lambar ta fi girma, sinadarin da ke cikinsa yana iya cin zobban tagulla masu sa giya ta shiga da laushi.

Masu Hilux da sauran motoci masu jan ƙafa huɗu, bayan giya akwai aksil na gaba da na baya da akwatin da ke raba musu ƙarfi, kowanne da mansa. Duk daminar da ka ratsa ruwa mai zurfi, a buɗe a duba. In man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, a canza shi a ranar. CR-V da ke gurnani daga baya idan ka karya kwana sosai, sau da yawa man aksil ɗinta na baya, mai suna Dual Pump, ne ya gaji.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne agogon tafiya. Motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirgawa, mil 60,000 kuwa ya haura kilomita 96,000. Da zafin Afrilu, da cunkoso, da ƙura, bi jadawalin aiki mai tsanani da ke cikin littafin, ka rubuta lambar agogon da sunan man a takarda ka ajiye cikin motar.