Ɗakin ka saya, ba ƙasar ba: kurakuran masu ritaya a Sifaniya da Faransa

A cikin wata biyun nan mutum uku suka kira ni da magana iri ɗaya. Dukkansu 'yan uwanmu ne da suka ƙarar da ƙarfinsu suna aiki a Ingila, ritaya ta ƙarato, gwiwa ta daina jure sanyi, suna neman inda rana take. Kowannensu ya turo mini hoton gida mai taya a wani sansani kusa da teku, a Sifaniya ko kudancin Faransa, haɗe da farashinsa, yana cewa: "Alhaji, wannan ai banza ce ta faɗi, ko?" Bakina ya gaji da maimaita amsa a waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ga wanda bai taɓa gani ba, gida ne da ake ƙerawa a masana'anta a kan gindin ƙarfe mai tayoyi, babbar mota ta ɗauko shi, a girke shi a wani fili da aka yanka ƙanana-ƙanana. Ciki akwai falo da kicin da banɗaki da ɗaki biyu ko uku. A Faransa doka ba ta bari ya wuce murabba'in mita 40 ba, a Ingila kuwa yakan kai tsawon mita 20 da faɗin mita 6.8. Yana da kyau a ido, babu matakala, maƙwabta duk tsararrakinka ne, kuɗinsa kuma sau da yawa bai kai rabin na ƙaramin gidan bulo ba. Daga nan ake fara yi wa rogo kallon kitse.

Babban kuskuren, wanda ya cinye mini rabon da ba zan ƙara tarawa ba, shi ne mutum ya ɗauka ya mallaki gida. Ɗakin ka saya. Ƙasar da yake zaune a kai ta wani ce, haya kake biya duk wata ko duk shekara, kuma mai ƙasar shi ke riƙe da tsufanka a hannunsa. Duk wanda ya taɓa ajiye kwantena a filin wani a Kano ko Kaduna ya san wannan zaman: kayan naka ne, amma ranar da aka ce ka tashi ba ka da ta cewa.

A 2015 na saya, a wani sansani kudu da birnin Alikante na Sifaniya. Lokacin fam ɗaya yana ba ka kusan yuro 1.40, komai ya zama kamar kyauta. Dillalin Bature ne mai daɗin baki, a cikin sansanin yake zaune, ya zagaya da mu ya nuna mana wurin ninkaya da shagon burodi, ya miƙo mini takarda shafi huɗu da Sifaniyanci ya ce kowa irinta ya sa wa hannu. Na sa hannu. Yarjejeniyar shekara ɗaya ce, ana sabuntawa idan mai fili ya ga dama, kuma ban san haka ba sai bayan bakin alƙalami ya bushe. Hajiya ta dasa lemun tsami a gefen baranda, ta shimfiɗa darduma a falo, muka ce mun samu wurin ƙarasa kwanakinmu.

A shekara ta uku aka sayar da sansanin. Wata safiya muka tsinci wasiƙa an turo ta ƙarƙashin ƙofa: haya ta tashi, wutar lantarki daga mitar mai fili za a riƙa saya a farashin da ya yanka, tukunyar gas ma sai a shagonsa. Ba a rufa shekara ba wata wasiƙar ta biyo, wai duk gidan da ya wuce wasu shekaru ya tsufa, ko a sayi sabo a hannunsu ko a ɗauke shi. Na ce to zan sayar. Ashe mai saye sai wanda suka amince da shi, kuma suna da la'ada mai kauri a cikin kuɗin. Na ce to zan ɗauke abina. Sai an nemo babbar mota da injin ɗaga kaya, sai an rushe barandar da na kashe wa kuɗi, kuma sansani uku da na je duk suka ce ba sa karɓar gidan da ba a wurinsu aka saya ba. Ƙarshenta mai filin da kansa ya saye shi a kan abin da bai kai farashin tsohuwar mota ba, bayan sati biyu na ga ya manna masa takardar sayarwa. Ranar da za mu tashi Hajiya ta tsaya a gaban lemun nan, ya yi 'ya'ya har rassansa sun sunkuya, ta tambaye ni ko za mu iya tone shi. Shi ma ba namu ba ne, a ƙasar wani yake.

Abin da ya ruɗe ni, kuma yake ruɗar mutanenmu har yau, shi ne mun tafi da dokar Ingila a ka. A can akwai dokar gidaje masu taya ta 1983, wadda aka ƙara wa ƙarfi a 2013. Idan sansanin yana da lasisin zama na dindindin, mai fili ba zai kore ka ba sai da hukuncin kotu, sau ɗaya a shekara yake duba haya, tun Yulin 2023 kuma ana auna ƙarin da ma'aunin hauhawar farashin kayan masarufi, la'adarsa idan ka sayar ba ta wuce kashi 10 cikin 100. Wannan kariyar a tashar jirgin ruwan Dover ta Ingila take tsayawa, ba ta ƙetare ruwa. Ko a Ingilar ma ba ta shafi sansanin hutu ba. A Faransa gidan nan na shaƙatawa ne a idon doka, ba a yarda ka mai da sansanin 'yan yawon buɗe ido mazauninka na dindindin ba, da yawansu kuma suna kulle ƙofa da hunturu. A Sifaniya kowane yanki da tasa ƙa'idar. Shi ya sa nake jin haushi idan wani ya ce mini "ai dillali ya ce babu matsala". Dillali la'adarsa yake nema, ba shi zai kwana a titi a watan Janairu ba.

Ga yadda nake yi yanzu, kuma ban ce dole kowa ya bi ba. Ba na kallon gidan sai na ga takardar fili. In kai ta wurin lauyan da ni na nemo, ba wanda dillali ya nuna mini ba, a fassara mini ita kalma-kalma. Abu huɗu nake nema a rubuce: shekara nawa yarjejeniyar take, da wane ma'auni ake ƙara haya, a wace shekara ake ce wa gida ya tsufa, nawa mai fili zai ɗauka idan na sayar. Daga nan in koma sansanin ni kaɗai da yamma, in ƙwanƙwasa ƙofar tsofaffin mazauna, in tambaye su nawa suke biya shekara biyar da suka wuce, nawa suke biya yau. In shiga ofishin ƙaramar hukuma in tambaya ko za su yi mini rajistar mazauni da wannan adireshin. Lissafina kuma ɗaya ne: kuɗin sayen na ɗauke shi kamar ya tafi, don gidan nan faɗuwa yake kamar mota, shi ya sa ma banki ba ya ba da bashin sayen gida a kansa. In raba kuɗin sayen a kan shekara goma, in ɗora hayar shekara a kai, in kwatanta da hayar ɗan ƙaramin gida a cikin gari. Sau da yawa hayar cikin gari ce ta fi sauƙi.

Kuskure na biyu na waɗanda suka ji irin labarina ne suka ruga wajen bulo da siminti ido rufe. Ni ma saura ƙiris in faɗa, don bayan abin da ya same ni na ga wani gida a wani ƙauye na lardin Almeriya, kudancin Sifaniya, da zaitun a tsakar gida, farashinsa ƙasa warwas. Lauya ce ta tare ni. Ta ciro takardar da suke kira nota simple daga ofishin rajistar filaye, sai ga shi filin na noma ne, rabin ginin kuma babu shi a rajista. A wannan lardin ne, a garin Vera, aka rushe gidan wasu ma'aurata 'yan Birtaniya masu ritaya a Janairun 2008, alhali suna riƙe da izinin gini daga ƙaramar hukuma, saboda gwamnatin yankin Andalus ta ƙalubalanci izinin. Araha ba ta ado. A Sifaniya bashin harajin gida da na kuɗin kula da harabar haɗaka yana bin gidan ne, wanda ya saya shi zai gada. Jami'in da ake sa hannu a gabansa shaida ne na hukuma, ba lauyanka ba ne. Ka kuma ware kusan kashi 10 zuwa 13 cikin 100 a kan farashi don haraji da takardu, a Faransa kashi 7 zuwa 8 idan tsohon gida ne. Bulo ma yana faɗuwa: bayan rikicin kuɗi na 2008 farashin gidaje a Sifaniya ya zube da kusan kashi ɗaya bisa uku, a bakin teku har fiye, mutane suka shekara da shekaru suna neman mai saye. Duk da haka, idan takardu sun tsarkaka, ƙasar taka ce, babu mai turo maka wasiƙa ta ƙarƙashin ƙofa, kuma akwai abin da za ka bar wa 'ya'ya.

Yanzu bari in yi faɗa. Haba jama'a, mutum ya yi shekara talatin yana cika fom a Ingila, amma ya ɗauka sayen gida shi ne izinin zama? Tun 1 ga Janairun 2021 mai fasfon Birtaniya kwana 90 yake da shi a ƙasashen nan a cikin kowane kwana 180 idan bai da biza, ko da gida goma ya mallaka. Bizar da Sifaniya take bai wa wanda ya sayi gidan yuro 500,000 an rufe ta a Afrilun 2025. Bizar masu zama ba tare da aiki ba tana neman a nuna shigar kuɗi kusan yuro 2,400 a wata a lissafin 2025, da ƙarin 600 ga kowane mutum da ke ƙarƙashinka, da shaidar inshorar da za ta ɗauki nauyin lafiyarka. Wanda kuma fasfonsa na Najeriya ne, izinin zaman dindindin kawai yake da shi a Birtaniya, ya buɗe kunne: ko ziyara sai da biza, kuma idan ya wuce shekara biyu a jere a waje izinin nasa yakan faɗi. Na san dattijon da ya sayar da gidansa kafin ya san wannan.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka yi lissafi da canjin ranar da ka saya: bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a Yunin 2016 fam ya sauko kusan yuro 1.15, fanshona a fam take, hayata a yuro. Kada ka yanke shawara a watan Afrilu, lokacin da ko'ina yake kore, je ka kwana a ciki a Agusta da Janairu. Ka duba ko ƙirar ta zaman duk shekara ce mai lamba BS 3632, ko ta hutu ce mai lamba EN 1647, wadda bangonta bai da kauri. Ka duba tudu da kwari, don sansanoni da yawa a gangare suke, kuma duk wanda yake yankin Orihuela na lardin Alikante a Satumbar 2019, lokacin da kogin Segura ya yi ambaliya, ba sai an ba shi labari ba. Mai karɓar fanshon gwamnatin Birtaniya ya nemi takardar S1, wadda da ita Birtaniya ke ɗaukar kuɗin asibitinsa a can. Fanshon nan ana ƙara ta duk shekara idan kana ƙasashen Tarayyar Turai, amma idan Najeriya ka koma, a inda ka same ta nan za ta tsaya.

Akwai kuma abin da dillali ba zai taɓa tuna maka ba. Nisan masallacin Juma'a, inda ake sayar da naman halal, da maƙabartar Musulmi mafi kusa, don ba kowane gari ke da ita ba. Ka rubuta wasiyya a ƙasar da ka sauka. Sifaniya da Faransa suna da nasu tsarin rabon gado na dole, amma tun Agustan 2015 dokar Tarayyar Turai ta ba ka damar zaɓar dokar ƙasar da kake riƙe da fasfonta, muddin ka rubuta hakan. Ka zauna da lauya da malami tun kana da lafiya.

Ban ce gida mai taya bai da amfani ba. Wanda bai saki mazauninsa ba, yana son ya guje wa sanyi wata biyu ko uku, kuma kuɗin da zai sa ba zai hana shi barci ba idan ya salwanta, ya saya ya ji daɗinsa. Wanda kuma da gumin rayuwarsa gaba ɗaya zai shiga, ni dai abin da nake gaya masa shi ne ya kama haya shekara guda cur a garin da yake so, ya ga zafinsa da sanyinsa, ya san hanyar asibiti, kafin ya sa hannu a kan komai. Mu haka muka yi daga baya, hayar ɗaki biyu a hawan ƙasa, kusa da asibitin unguwa, lemun tsamin Hajiya kuma a cikin tukunya.

Na ukun cikin masu kiran nan ya turo mini takardar filinsa jiya da daddare. Shafi biyu ce, ta wata goma sha ɗaya, babu inda aka faɗi abin da zai faru a wata na goma sha biyu. Na ce masa: "Ƙanina, kada ka tura ko sisi na kafin alƙalami." Ranar Litinin zai kai wa lauya.