Yadda za ka yi wa mutane gargaɗi kafin ka kunna musu tsohon fim ɗin Indiya

Mu dai nan Jos an ɗauka duk fim ɗin da ake rawa da waƙa a ciki na kowa da kowa ne, a tara yara da tsofaffi a falo a kunna kawai. Ni ma haka na ɗauka har ranar da na sa Mother India a gidanmu da hutun sallah, wai ni nan zan burge tsofaffi da fim ɗin zamaninsu. Ana zuwa wajen ambaliya goggona ta miƙe ta shige ɗaki ba ta ce wa kowa uffan ba, sai a lokacin na tuna ashe tana Rikkos sanda ruwan nan na 2012 ya ci gidaje da mutane. Wallahi ranar kunya kamar in nutse.

Abu na farko, ka zauna ka sake kallon fim ɗin kai kaɗai, kar ka ce ai na gani tun ina yaro, domin abin da ya zauna maka a kai waƙoƙin ne kawai. Mother India na 1957 ne, Mehboob Khan ya shirya shi, ya kusa awa 3, kuma tsakanin waƙoƙin nan na Naushad masu daɗi akwai inda dutse ya danne hannayen mijin Radha, matar da Nargis ta fito a matsayinta, ya rasa su duka biyun har ya gudu ya bar ta da yara, ga mutuwar ƙaramin ɗanta bayan ambaliya, ga kuma mai ba da bashi da ruwa Sukhilala da ya ce zai ba ta abinci in ta ba shi kanta alhali yaranta na kukan yunwa. Ka riƙe biro da takarda, duk inda ka ji gabanka ya faɗi ka rubuta minti nawa ne. Amma ka duba a kan kwafin da za ka kunna, saboda na YouTube da na masu tura finafinai a waya tsawonsu ba ɗaya ba ne, wani an yanke wani an ɗora masa fassarar Hausa.

Sai rubuta gargaɗin, nan ne mutane ke kwafsawa. Wani zai ce "akwai abin tausayi a ciki" ya yi shiru, to wane fim ɗin Indiya ne babu abin tausayi? Wani kuma sai ya zauna ya ba da labarin kaf har ƙarshe, ya kashe wa kowa daɗin kallo. Kai dai ka faɗi irin abin, ka bar wanda ya faru da shi da yadda ta ƙare. Ga wanda na tura a gurup ɗin gidanmu na WhatsApp da za mu sake kallo:

"Salamu alaikum. Fim ɗin daren Asabar akwai ambaliya da mutuwar ƙaramin yaro, da mummunan rauni a hannu, da gobara, da namiji mai matsa wa mace ta ba shi kanta, da kisa tsakanin 'yan gida ɗaya wajen ƙarshe. Mai son sanin daidai lokacin ya yi min magana ta gefe."

Kun ga ban ce wa ya kashe wa ba, waɗanda suka gani sun sani, sauran su bari su sha mamaki.

Ka tura shi tun kwana ɗaya kafin nan, kar ka bari sai an zauna an raba gyaɗa, domin babu dattijuwar da za ta miƙe a gaban jikoki ta ce ba za ta iya ba. Manya kuma ba a gurup ake gaya musu ba, ka je ka durƙusa ka ce "Goggo, akwai wajen ruwa a ciki, in an kusa zan ɗan tsayar ku je ku huta", shi ke nan, kar ka tsaya tono mata dalili.

Kar kuma ka dogara da lambar shekaru kaɗai. Hukumar tace finafinai ta ƙasa da ke Abuja tana sa 12 ko 15 ko 18, amma lamba ba ta san wa ke zaune a falonka ba, kuma garin da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010 kowane gida da abin da ba ya son tunawa. Sholay na 1975 da muke haddace maganganunsa muna dariya, a ciki fa Gabbar ya harbe iyalin Thakur har da ɗan jikansa sannan ya sare wa Thakur ɗin hannaye, ka kunna wa wanda ya rasa nasa a rikici ba tare da ka ce komai ba ai ba ka kyauta ba.

Ranar kallon rimot ya zama a hannunka, takardarka a gefe. In saura minti 2 a kai wajen sai ka tsayar ka ce a sha ruwa, wanda zai fita ya fita cikin masu zuwa bayi ba wanda zai lura, in wajen ya wuce ka aika yaro ya kira su.