Masu ginin LEGO a Garwa: kurakuran da na gaji da gani

Ranar Lahadi wani yaro ya kawo mini babbar motar auduga da ya haɗa da bulon LEGO, irin waɗanda ke shigowa gari maƙare da kaya lokacin kaka. Ba littafin kamfani ya bi ba, daga kansa ya fitar da ita, kuma a ido ta yi kyau. Na sa hannu na ɗaga ta daga kan tabarma, sai bodin ya biyo ni, tayoyi da gindi suna nan zaune. Yaron ya ce, “Kawu, da gam zan sa mata.” A nan haƙurina ya ƙare, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kuskuren yaron shi ne nawa na farko: jera bulo kan bulo daidai wa daida, gaɓa a kan gaɓa, kamar an ɗora sabulu a shago. Shekarun baya na shafe wata biyu ina gina gadar kogin Binuwai ta nan Garwa. Daga tsakiyar kai ɗaya, wato ɗan ƙullutun da ke saman bulo, zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne, ke nan kai 125 ke ba ka mita guda, kuma gadata ta kai hakan. Na ɗora ta a kan allo, na hau bayan mashin zan kai wa abokai su gani a unguwar Rumde Aja. Ramin farko da muka faɗa, gadar ta tsage gida huɗu, ƙafafunta suka watse a titi. Ni da mai mashin muka duƙa muna tsince cikin yashi, motoci na yi mana oda. Wasu ƙananan har yau suna can. Abin da ya fi ƙona mini rai, wani dattijo magini da ke aiki a bakin hanya ya ɗauki ɓari ɗaya ya juya shi, ya ce, “Ɗana, wa ya koya maka gini ba sarƙa? Ko katangar ɗakin kaji ba a yi mata haka.”

Gaskiyarsa. Ƙarfin wannan bulo duka a damƙa yake. Tun 1958 da kamfanin na Danmak ya yi rajistar ƙirar da muke amfani da ita, bututun da ke ƙarƙashin bulo su ne ke matse kawunan na ƙasa da shi. In ka ɗora su a miƙe, kowane layi ya zama ginshiƙi mai zaman kansa, babu abin da ya haɗa shi da maƙwabcinsa. Dole bulon sama ya hau kan biyu na ƙasa, ya rufe gaɓarsu, a kusurwa kuma a riƙa sauya wanda ya shige gaba. Ga abin da nake yi yanzu, ban ce kowa haka yake yi ba: bayan kowane layi uku ko huɗu ina shimfiɗa dogayen falle-falle su ɗaure ginin, sama da ƙasa. Falle uku su ne tsayin bulo ɗaya, don haka lissafi ba ya ɓaci. Abu mai tsawo kamar gada ko gindin mota, ina sa masa ƙashin baya na sandunan LEGO masu huji da ake kira Technic, in kulle su da fil. Sannan ba na ƙara gina mita guda a dunƙule. Gunduwa-gunduwa nake yi, kowace ba ta wuce faranti mai kai 32 ba, in haɗa a inda za ni. Kafin in ce na gama, sai na ɗaga abin da hannu ɗaya na girgiza. In ya yi ƙara, da saura.

To, masu gam. Ku ji tsoron Allah! Bulon nan ba a Kasuwar Tsakiya ake zuba shi a tire ba. Daga buhun gwanjo muke tono shi, ko mu roƙi mai zuwa Yawunde ko Duwala, mu jira wata da watanni. Ka sa masa gam mai saurin kamawa, ka kashe shi ke nan: farin tabo ya fito a jiki, kuma ba zai sake shiga wani gini ba har abada. Wani zai ce ai a Legoland, wurin shaƙatawa na LEGO, ma suna manne nasu. Suna yi, don nasu a waje yake tsaye shekara da shekaru, kuma masana'anta na bayansu. Kai me ke bayanka, robar fenti ɗaya? In ƙannenka ne ke rushe maka, nemi saman kabad.

Haƙori kuma ba makami ba ne. Akwai ɗan abin ɓamɓarewa mai ruwan lemo da ke zuwa cikin manyan kwalaye. In babu, ka kama falle biyun da suka liƙe da bulo sama da ƙasa ka lanƙwasa kaɗan, za su buɗe. Wuƙa da reza su ma a ajiye.

Asara ta biyu ta fi ta gada ciwo, don ita ba ta gyaruwa. Na taɓa yin sa'ar wani ƙullin gwanjo mai yawan farare da falle masu faɗi, amma sun yi dauɗa, suna warin sito. Wayona ya ce in kashe ƙwayar cuta. Na tafasa ruwa na juye musu a baho, na tsame, na shanya a kan rufin kwanon kicin kamar kuɓewa, a watan Afrilu, a Garwa! Wanda ya san garin nan ya san lokacin zafi na wuce 40 a inuwa, balle kan kwano da tsakar rana. Aka kira ni wata hidima, sai da na kwana biyu na tuna. Manyan fallen sun bankare kamar ɓawon rake, in ka ajiye su a ƙasa suna rawa. Bulon da suka tsira da siffarsu kuma da yawa sun saki, ka ɗora ka juya su zubo. Uwargida ta leƙo ta ce, “Maigida, dafa su ka yi ko wanki?” Ban tanka ba.

Robar da ake yin bulon, ABS ake kiranta, ba ta shiri da zafi. Kamfanin da kansa ya ce kada ruwan wanki ya wuce digiri 40, a wanke da hannu, kada a busar a rana. A nan wurinmu ruwan da ya wuni a jarka ma ya isa ya haura haka, don haka ni da na randa nake yi, da ɗan sabulun wanke kwanuka da tsohon burushin haƙori. In ɗauraye a rariya don ƙananan kada su bi ruwa, in baza a kan zani cikin ɗaki, fanka na kaɗawa, har kwana biyu, saboda ruwa na maƙalewa a bututun ƙasa. Fetur, tina da ruwan goge farce kada su kusance su. Na ƙarshen narkar da robar yake yi.

Rana tana da wata muguntar a hankali. Ginin da ka ajiye jikin taga don baƙi su gani, bayan 'yan watanni ɓangaren da ke kallon waje zai koma ruwan ɗorawa, musamman fari da toka mai haske da shuɗi. Wasu na jiƙa su a ruwan oksijene na famasi su sa a haske, farin ya dawo. Na gwada, ya dawo ɗin, amma daga baya ya sake juyawa, na daina. Fararena yanzu a ƙarƙashin gado suke kwana. Da hunturu kuma ina lulluɓe komai da mayafi, ƙurar da ta shige in kaɗe da burushin fenti mai laushi. Tsumma kan busasshiyar ƙura karce gilasan mota yake yi.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ware kaya bisa launi, ware bisa siffa. Neman ɗan jan mai kai ɗaya cikin gwangwani cike da jajaye aikin ranar banza ne. Launin toka iri biyu ne, an sauya shi wajen 2004, tsohon ya fi karkata ga rawaya. Da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki iri ɗaya suke, gari na wayewa ka ga bango kamar mai ƙyasbi. Bulon kwaikwayo ba na raina su, da su yawancinmu muka fara, amma duba kan bulo, na asali an rubuta LEGO a kowane kai. Waɗancan wasu sun cika matsewa, wasu sun cika sako-sako, shi ya sa nake cusa su a ciki su cike gurbi, ba na ba su ɗaukar nauyi. Gidan da akwai mai rarrafe, a yi gini a kan tire, a ƙirga kafin a tashi.

Sai masu son gina ɗakunan ƙabilar Musgum na wajen garin Pus, masu siffar ƙwai. Kowa na so, kowa na lanƙwasa bango da ƙarfin tsiya har bulo ya tsage a gefe. Ka riƙa sa ɗan zagayayyen bulo mai kai ɗaya tsakanin masu kai uku, layi na sama ya sarƙe na ƙasa, bangon zai lanƙwasu da kansa ba tilas. Sama inda ɗakin ke tsukewa kuwa ni ma sau uku ina rushewa, yanzu haka nawa na kan teburi ba kai.