Yadda nake sauƙaƙa wa ƙwayoyin insulin na Inna aiki a Jidda

Tun da aka ce Inna tana da ciwon sukari nau'i na biyu, likitarta ta nuna min cewa ƙwayoyin beta da ke cikin fankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi) su ne ke ƙera insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini. Idan sukari ya daɗe yana hawa a jini, aiki ya yi musu yawa, su gaji, wasu ma su mutu. Wannan magana ta tsaya min a rai.

Abu na farko, rage musu lodi. Na daina zuba sukari a shayinta, dabino biyu kawai, shinkafar kabsa rabin faranti, sauran a cike da ganye. Bayan Isha, idan gari ya ɗan yi sanyi, mu taka na minti 20.

Sai maganin. Akwai sinadarin GLP-1 da hanji ke saki bayan an ci abinci. Yana sa fankiriyas ta fitar da insulin lokacin da sukari ya hau, kuma gwaje-gwaje kan dabbobi sun nuna yana kare ƙwayoyin beta daga wannan gajiya. Allurar Ozempic da aka rubuta mata kwaikwayonsa take yi, sau ɗaya a mako. Don Allah kar ki saya da kanki, sai likita ya duba.

Zafin Jidda ne abin tsoro: alƙalamin allurar Ozempic da ba a buɗe ba yana firji, ba firiza ba. Idan tashin zuciya ya dame ta, nakan ce, "Inna, ki ci kaɗan-kaɗan," mu rage maiƙo.