Yadda na dawo da kaifin 'yar wuƙata ta aljihu

'Yar wuƙar nan mai naɗewa yayana ya yo mini tsarabarta daga Makka. Shekara 3 ina yankan igiya da feren rake da ita, har ta dakushe, ko albasa sai ta murƙushe. Takardar kwalinta ta ce a mayar wa kamfanin su wasa. Daga ƙauyenmu na Gumel? Kuɗin aikawa ya fi kuɗin wuƙar.

Na fara kai wa mai injin washi, nan na yi kuskure. Bakin ya yi zafi har ya koma shuɗi, ƙarfen ya yi laushi, kwana biyu ta sake dakushewa.

Ran Alhamis na kai wa wani tsohon maƙeri a kasuwar Maigatari. Na ce, "Baba, ko ta mutu?" Ya ce, "Yaro, wuta ce ta ci bakin." Ya jiƙa dutsen washi da ruwa, ya cinye wurin da ya ƙone, yana ɗan kwantar da ita, ba a tsaye ba. Da gezar ƙarfe, wato ɗan siririn ƙarfen da ke lanƙwashewa a bakin, ta fito, ya juya ɗaya gefen, sannan ya goga a bayan fata. Ya ɗiga man keke a maɗaurin.

Gashin hannuna na aske da ita a wurin.