Adon Takarda a Lokacin Hunturu: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Za a Gyara

Da zarar an gama kaka, amfanin gona ya shiga rumbu, sai bukukuwa su taso a ƙauyukanmu: ɗaurin aure, walimar sauka, hutun makaranta na watan Disamba, ga kuma 'yan'uwa Kirista da ke shirin Kirsimeti ranar 25 ga wata. Yara suna gida, wayar yayarsu tana hannu, sun ga a bidiyo yadda ake yanka takarda a yi sarƙa da taurari a ƙawata ɗaki. Sai su kwaikwaya, kwana biyu abin ya zube ƙasa. Yawanci ba hannunsu ne bai iya ba. Wanda ya yi bidiyon a Ingila ko Jamus yake, cikin ɗaki mai bangon fenti da taga a rufe. Mu kuwa ginin ƙasa ne, ga ƙura, ga iskar da ke busar da komai.

Kuskuren farko ana yin sa tun kafin a ɗauki almakashi, kuma ya fi sauran nauyi. Yaro ya jawo tsohon littafi ko jarida ya hau yanka, bai duba abin da ke rubuce ba. Littattafan Islamiyya, kalandar bara, har jaridun Hausa, da wuya ka rasa aya ko sunan Allah a ciki. Adon nan kuwa ƙarshensa ƙasa ne, a taka, a share, a kai juji. Babba ya zauna ya tantance takardun tukuna. Ragowar littafin lissafi, kwalin sabulu, cikin buhun siminti da aka kakkaɓe, duk sun wadatar. Mai son launi ya sayo takarda mai kala ranar kasuwa, ko a Wudil ranar Juma'a ko a Maigatari ranar Alhamis, gwargwadon inda ya fi kusa.

Sai abin liƙi. Kowa salatif yake nema, alhali ba ya kama bangon ƙasa, ko na siminti ne in ƙura ta hau shi sai ya saki. Abin dariyar shi ne maganin yana gidanmu. Ƙaron nan da malamai ke zubawa a tawada, wanda Jigawa ta yi suna wajen samar da shi, a jiƙa shi a ruwan ɗumi ya kwana, a tace da tsumma, ya fi ƙarfin takarda. In babu, a dama cokali ɗaya na sitaci ko fulawa a kofin ruwa, a ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kaurin koko, a bari ya huce. Kada a dama da yawa, kwana biyu yake tsami. Wurin shafawa ma ana ɓata aiki: an ɗauka yawan shafi shi ne ƙarfi, sai takarda ta jiƙe ta yamutse, mai kala kuma ta zubar da launinta a hannu. Kan tsinken tsintsiya ya isa. A shafa bakin kaɗai, a danne da yatsu a ƙirga goma. Na fulawa yana kiran ɓera da kyankyaso, don haka ni na fi son ƙaro.

Sarƙa ba ta da wuya. A yanka takardu daidai, faɗin santimita 2, tsawo 15, a liƙa bakin kowace ta zama zobe a cikin na bayanta. In zobe ya cika girma, nauyinsa ne zai tsinke shi.

Tauraron dusar ƙanƙara shi ne inda aka fi shan kunya. Turawa sun ɗauko siffarsa daga ƙwayar dusar da ke sauka a ƙasashensu, wadda ke da rassa 6. Yaranmu sai su ninka takarda sau uku a rabi-rabi, su buɗe su ga mai rassa huɗu ko takwas, su rasa dalili. Na farko, takardar A4 ba murabba'i ba ce, faɗinta santimita 21 ne tsawonta 29.7, dole a karya kusurwa ɗaya zuwa gefe a yanke rarar. Daga nan a ninka kusurwa zuwa kusurwa, a sake ninkawa a rabi, sannan a kasa shi gida uku, dama ta hau hagu, a datse kunnuwan da suka fito. Ninki 12 ke nan, shi ya sa kwali ba ya yi, sai takarda mara kauri. Wurin yanka a bar ɗan wuri a kowane gefen ninki. Wanda ya cinye gefen gaba ɗaya, yana buɗewa zai ga tarkace a cinyarsa. Reza kuma a ajiye ta, ba ta yara ba ce. Ni dai da za a tambaye ni, dagin arewa ko zanen da ake yi wa allon zayyana ya fi dacewa da zauren walima fiye da ƙanƙarar da kakanninmu ba su taɓa gani ba, amma yara sun fi son abin waya.

Wurin ratayewa, zaren ɗinki ba ya jure iskar asuba. A samu zaren buhu, a ɗaure a jikin azara ko a kafa ƙusa biyu, a jera adon a kansa, a bar shi da ɗan sassauci kada a ja shi tsam. Na tsakar gida a rataye shi da safiyar bikin, don in ya kwana ƙura za ta mayar da fari ja.

Sai maganar wuta, wadda ba ta wasa ba ce. Lokacin sanyi ne ake shiga ɗaki da kaskon garwashi, ga kyandir, ga aci-balbal, ga maganin sauro, takarda kuma ta bushe ƙayau. Sarƙa ɗaya ta tsinke cikin dare ta faɗa kasko, labari ya canja. Kada a rataye komai saman inda ake ajiye wuta, ko jikin ƙwan lantarki mai zafi, ko kusa da rufin ciyawa da dangar kara. Uwar ɗaki ta ɗaga kai ta duba kafin a shigo da garwashi, in akwai abin da ke reto a sama a sauke shi, gobe a mayar.