Mota mai dizal ta rasa ƙarfi bayan an cika mata baƙin mai fiye da kima

Kada ka ci gaba da tuƙa ta. Ka faka a wuri mai daidai, ka kashe injin, ka jira minti 10, sannan ka zaro sandar awon mai. In man ya haura layin sama, sassauta notin tsiyaye mai na ƙasan injin, ka rage man kaɗan-kaɗan har ya dawo tsakanin layuka biyun.

Daga nan buɗe gidan matatar iska. Mai in ya yi yawa, injin kan kaɗa shi ya yi kumfa, ya turo shi ta tiyon numfashi zuwa hanyar iska. Matatar da ta jiƙe canza ta ake yi. In akwai turbo (na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska), ciro manyan tiyoyinsa da intakula (mai sanyaya iskar da turbo ke turawa), ka tsiyaye man da ya kwanta, ka goge. Wannan matakin kada a tsallake shi, don injin dizal yana iya shan man nan ya yi ta gudu ko an zare makulli. In hakan ta faru, taka birki, sa giya mafi girman lamba, saki kuloci.

Bayan ka mayar da komai wurinsa, tayar da motar a hankali. Shuɗin hayaƙin da take fitarwa zai ragu. In ya ƙi, bakanike ya duba turbo.